Hotunan Iyali Da Suka Ɓace Daga Kwamfuta: Yadda Ake Neman Su Bayan An Yi Mata Gyara



A da, hotunan gida suna cikin albom ne, ko cikin wata ambulan a ƙasan akwatin uwargida, kuma abin da ake ji musu tsoro bai wuce gara da yoyon damina da gobara ba. Tun da kyamarar zamani ta shigo, wadda ba ta bukatar fim, wayar hannu kuma ta biyo bayanta, sai hotunan suka ƙaura zuwa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. A gidaje da yawa, kwamfuta ɗaya tak ce ke riƙe da tarihin shekara goma ko ashirin: ɗaurin auren babbar ɗiya, sunan jikan fari, walimar saukar karatu, dawowar Alhaji daga Makka, da fuskokin tsofaffinmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba sauran damar sake ɗaukar su. Ranar da na'urar ta fara ciwo, ta yi nauyi ko ta ƙi tashi, sai wani yaro a gida ko mai gyara a kasuwa ya ce zai mayar da ita yadda take a da. Na'ura ta warke, a buɗe wurin hotuna a tarar da wayam.

Abin da muke so mu bayyana a wannan fitowa shi ne, sau da yawa hotunan nan suna nan daram a cikin na'urar ko da ido bai gan su ba, kuma abin da aka yi a sa'ar farko bayan an lura da ɓatansu shi ke sa a same su ko a rasa su. Da yake yawancin kwamfutocin gidajenmu da Faransanci suke magana, za mu riƙa kawo sunayen abubuwa yadda suke fitowa a allo, domin mai karatu ya gane su in ya gan su.

Aiki uku da ake kira da suna ɗaya

Idan mutum ya ce an yi wa kwamfutarsa «restauration», to ya kamata a sake tambayarsa, don ayyuka uku ne mabambanta ake laƙaba wa wannan suna, kuma sakamakonsu a kan hotuna ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne «Restauration du système». Kamfanin Microsoft ya fara sa shi cikin Windows Me a shekarar 2000, ya biyo cikin Windows XP a 2001, yana nan kuma har cikin Windows 11. Aikinsa shi ne ya riƙa ajiye siffar tsarin na'urar lokaci bayan lokaci, wato fayilolin Windows kansa da saituttukansa da manhajojin da aka girka, ta yadda in wani abu ya lalace a koma wa siffar makon jiya. An gina shi ne a kan kada ya taɓa hotuna da wasiƙu da sauran kayan mai na'ura. Saboda haka, in wannan kaɗai aka yi, kusan ko da yaushe hotunan ba a share su ba, ɓoyuwa suka yi. Abin da ya fi jawo haka shi ne a koma wa ranar da ta gabaci buɗe asusun mutum a na'urar, ko kuma asusun ya sami matsala Windows ya buɗe masa wani na wucin gadi, mai tebur fanko kamar sabuwar kwamfuta.

Na biyu shi ne «Réinitialiser ce PC», wanda irinsa ya fara zuwa da Windows 8 a 2012. Daga Windows 10, wanda ya fito a 2015, yana ba da zaɓi biyu: «Conserver mes fichiers», wanda ke sake Windows ya bar kayan mutum, da «Supprimer tout», wanda ke share komai. Mutane da dama sun danna na biyun cikin gaggawa ba tare da sun karanta ba.

Na uku shi ne mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, ko sake girka Windows daga tushe bayan an wanke faifan ajiya, abin da masu gyara ke kira formataj. Wannan ne ya fi yawa a shagunan gyara, domin shi ne hanya mafi sauri ta kawar da ƙwayar cuta, kuma shi ne ya fi cin hotunan jama'a.

To, tambayar farko ga wanda ya taɓa na'urar, cikin lumana ba tare da faɗa ba, ita ce: wanne daga cikin ukun nan ka yi, kuma me ka danna? Yaron da aka tsorata zai ɓoye gaskiya, alhali amsarsa ce za ta nuna hanyar da za a bi.

A dakata tukuna

Hausawa na cewa gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma ba inda maganar ta fi dacewa kamar nan. Da zarar an tabbatar cewa hotuna ba sa wurinsu, a daina aiki da na'urar. Kada a girka wata manhaja, kada a sauke komai daga intanet, kada a zuba waƙoƙi ko fina-finai, kada kuma a bar yara su yi wasa da ita. Ko ba a taɓa ta ba, muddin tana kunne Windows yana ta rubuce-rubucensa a faifai, yana sauke gyare-gyare yana ajiye fayilolin wucin gadi, kuma kowane rubutu na iya sauka a kan hoton da ake nema.

In aiki na farko aka yi, ba laifi a kunna na'urar a yi binciken da za mu zayyana a ƙasa, amma a cire ta daga intanet tukuna. In kuwa na biyu ko na uku ne, abin da ya fi shi ne a kashe ta, a ciro faifan ajiyarta, a sa shi cikin ɗan akwatin nan mai igiyar USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, a jona shi da wata kwamfuta mai lafiya. Ta haka za a karanta shi ba tare da Windows ɗin cikinsa ya tashi ba. Inda faifan ba ya ciruwa, wanda ya iya yana iya tayar da na'urar daga kile ta USB mai ɗauke da Linux, irin su Ubuntu, wanda ke aiki ba sai an girka shi ba.

Binciken da ba ya bukatar kuɗi ko gwaninta

A fara da kwandon shara, «Corbeille». Abin dariya ne a faɗa, amma an sha samun kayan da ake kuka a kansu a can.

Daga nan a buɗe faifan C, a shiga dosiyen «Utilisateurs», wanda a tsohon Windows XP ake kira «Documents and Settings». A ciki kowane asusu yana da dosiyensa. A duba su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda sunansu ya yi kama da na mutum amma da ɗan ƙari a ƙarshe, a leƙa cikin «Images» da «Bureau» da «Documents» da «Téléchargements». Wanda Windows ya jefa cikin asusun wucin gadi, a nan zai tarar da tsohon asusunsa da kayansa cif. Ya kwashe su zuwa wani faifai kafin ya fara neman gyara asusun, kuma kada ya ajiye komai a asusun wucin gadin, don ana share abin da ke cikinsa da zarar an fita.

A cikin faifan C ɗin dai, a nemi wani dosiye mai suna «Windows.old». Idan an sake girka Windows ba tare da an wanke faifan ba, to tsohon tsarin da kayan masu asusu duka ana tattara su ne a can. Sai dai ba ya daɗewa: a Windows 10 da 11, na'urar tana iya share shi da kanta bayan kwana 10, haka ma in an yi aikin share tarkace. Wanda ya gan shi ya kwashe kayansa a ranar.

Sannan a yi bincike na gaba ɗaya. A buɗe «Ce PC», a rubuta *.jpg a gurbin nema, a ba na'urar lokaci ta gama. A maimaita da *.jpeg da *.png, da *.heic ga masu iPhone, don tun 2017 wayoyin Apple da wannan siffa suke ajiye hoto. A tuna kuma cewa masu gyara da yawa suna raba faifai gida biyu, C da D, kuma galibi C kaɗai suke wankewa. Wani lokaci ma D ɗin yana nan, harafinsa ne kawai ya ɓace, ana kuma mayar masa da shi daga «Gestion des disques». A wurin nan a yi hattara: in na'urar ta tambaya ko a wanke faifan kafin a yi aiki da shi, amsar ita ce a'a.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ta daɗe tana yawo a ƙasashenmu ta hanyar kile, daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa gida. Ba ta share komai, ɓoye dosiyoyi take yi ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Alamarta ita ce a ga faifai ko kile ya nuna a cike yake, amma in an buɗe ba komai. A shiga «Affichage» a zaɓi «Éléments masqués», a kuma cire alamar da ke ɓoye fayilolin tsari a cikin zaɓuɓɓukan dosiye, sai kayan su bayyana.

In duk wannan bai yi ba, kuma «Restauration du système» aka yi, ana iya warware shi. A sake buɗe shi, za a ga zaɓin soke aikin da aka yi na ƙarshe, na'urar ta koma yadda take kafin a taɓa ta. Wannan zaɓi ba ya samuwa in an yi aikin ne daga «mode sans échec» ko daga allon ceto. Haka nan, a danna dosiyen hotuna da maɓallin dama na linzami a duba «Versions précédentes». In an yi sa'a akwai tsohuwar siffar dosiyen a ajiye, musamman a Windows 7, ko a na'urar da aka kunna wa «Historique des fichiers».

Na ƙarshe, wanda yake shiga kwamfutarsa da asusun Microsoft ya leƙa OneDrive daga wata na'ura. Sababbin Windows sukan kwashe dosiyen hotuna zuwa can ba tare da mai na'ura ya lura ba, kuma abin da aka share yana zama a kwandon sharar OneDrive har kwana 30.

Me ya sa abin da aka share yake dawowa?

Mu ɗauki faifan ajiya kamar babbar kasuwa mai dubban shaguna, da littafin sarkin kasuwa inda aka rubuta sunan mai kowane shago da lambarsa. A Windows, tsarin da ke riƙe da wannan littafi ana kiran sa NTFS, shagunan kuwa ƙananan gurabe ne, galibi na kilobayit 4 kowanne, hoto guda kuma yana cin ɗaruruwansu. In an share hoto, Windows ba ya zuwa ya kwashe kayan da ke shagon. Abin da yake yi kawai shi ne ya rubuta a littafi cewa shago kaza ba kowa. Kayan suna nan a ciki har ranar da aka ba wani sabon ɗan haya wurin, ya zuba nasa a kai. Wanki na gaggawa, «formatage rapide», shi kuma sabon littafi ne fari fat aka kawo a madadin tsohon, shagunan ba a buɗe ko ɗaya ba.

Wannan ne ya sa ko bayan an sake girka Windows ba a fid da rai. Sabon Windows da manhajojinsa suna cin jiga ashirin ko talatin ko fiye da haka kaɗan, a faifan da zai iya kai jiga 500. Abin da ya faɗa ƙarƙashin sabon rubutun ya tafi ke nan, amma sauran filin yana nan yadda yake da tsofaffin kayansa. Kuma wannan ne dalilin da muka nace a kan a daina aiki da na'urar, don kowane sabon fayil sabon ɗan haya ne.

Manhajojin da ake aiki da su

Kafin mu ambaci suna, ga doka guda da ba a karya ta: ba a girka manhajar ceto a kan faifan da ake ceto, ba a kuma ajiye hotunan da aka samo a kansa. A tanadi wani faifai na waje mai isasshen wuri. Wanda ya saɓa wannan zai riƙa binne hoto na biyu da hoto na farko da ya tono.

Recuva ita ce mafi sauƙi ga wanda bai ƙware ba. Kamfanin Piriform na Ingila ne ya fitar da ita a 2007, tana da sigar kyauta, tana kuma jin Faransanci. Tana tambayar irin fayil ɗin da ake nema da wurin da yake, sannan ta jero abin da ta gani, da ɗigo a gaban kowanne: kore yana nufin fayil ɗin lafiya lau yake, ruwan lemo yana nufin an taɓa wani sashensa, ja kuwa an riga an rubuta a kansa. In binciken farko bai samo komai ba, a zaɓi «Analyse approfondie», wanda kan ɗauki sa'o'i. Amfaninta shi ne takan dawo da fayil da sunansa na asali in tsohon littafin bai lalace ba.

In an wanke faifan, PhotoRec ta fi ƙarfi. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta ta, kyauta ce baki ɗaya, kuma tana zuwa tare da ƴar'uwarta TestDisk, wadda aikinta shi ne dawo da ɓangaren faifai da ya ɓace. PhotoRec ba ruwanta da littafin sarkin kasuwa. Shago-shago take bi tana leƙawa. Kowane irin fayil yana da hatimin da yake farawa da shi, na hoton JPEG shi ne lambobin FF D8 FF, yana kuma rufewa da FF D9. In ta ga hatimin buɗewa sai ta bi gurabe a jere har ta cim ma na rufewa, ta haɗa hoton ta ajiye. Tana gane ɗaruruwan nau'o'in fayil ta wannan hanya, don haka yana da kyau a gaya mata hotuna kaɗai ake so. Allonta baƙi ne mai rubutu zalla, yakan tsorata mutum, amma akwai QPhotoRec a cikin kunshin, mai tagogi da maɓallai kamar sauran manhajoji.

Da yake ba ta karanta littafin, hotunan suna fitowa ba sunansu ba dosiyensu. Za a gan su cikin dosiyoyi masu suna recup_dir.1, recup_dir.2 da sauransu, kowane hoto da harafin f da dogayen lambobi. Za su zo a gauraye da dubban ƙananan hotuna na shafukan intanet da na manhajoji. Hanyar tace su ita ce a jera su bisa nauyi, don hoton kyamara ko na waya yakan haura mega ɗaya, tarkacen intanet kuwa ƙanana ne. Bayan haka a jera su bisa ranar ɗauka, domin kyamara tana rubuta rana da sa'a da sunan na'ura a cikin hoton kansa, wannan bayani kuma yana dawowa tare da shi. Da haka za a ware na bikin 2009 daga na Hajjin 2016. Wasu hotunan za su fito rabi, ƙasansu toka-toka, saboda an ajiye su a warwatse ko an rubuta a kan wani sashe. Kada a yi saurin zubar da su, da babu gara ba daɗi.

Microsoft ma ya fitar da tasa manhajar kyauta a 2020, Windows File Recovery, amma da rubutattun umarni ake sarrafa ta, ta fi dacewa da wanda ya saba.

Muna gargaɗi a kan manhajojin da ke cika allo da talla, su nuna wa mutum hotunansa sannan su ce sai ya biya kafin ya karɓa. Wasunsu na gaskiya ne, amma a gwada na kyauta tukuna. Mafi haɗari su ne kwafin sata da ake rabawa a kile, waɗanda sau da yawa ƙwayar cuta ke laɓe a cikinsu. A sauke kowace manhaja daga shafin masu ita, a wata kwamfutar dabam.

Inda fata take raguwa

Wajibi ne mu faɗi gaskiya, akwai halin da hotuna ba sa dawowa.

Na ɗaya, wanki cikakke. A zamanin Windows XP, cikakken wanki duba lafiyar faifai kawai yake ƙarawa a kan na gaggawa, amma tun daga Windows Vista yana rubuta sifili a kan faifan daga farko har ƙarshe. Haka ma in an zaɓi «Supprimer tout» aka kuma haɗa da goge faifan sarai, zaɓin da aka tanada don mai niyyar sayar da na'urarsa.

Na biyu, faifan zamani da ake kira SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, kuma shi ne a yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Tun Windows 7, a 2009, akwai wani umarni mai suna TRIM da ke sanar da irin wannan faifai cewa gurabe kaza ba a bukatar su, shi kuma ya share su da kansa ba da jimawa ba. A nan sarkin kasuwa yana soke suna sai masu shara su shiga shagon. A gwada dai, amma kada a sa rai sosai.

Na uku, faifan da aka kulle da BitLocker. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da wannan kulle a kunne, musamman tun sigar Windows 11 ta 2024. In an ciro irin wannan faifai aka jona shi da wata kwamfuta, ba ya buɗuwa sai da mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar. In kuwa an riga an wanke shi an girka sabon Windows, abin da ya rage a ƙasa a kulle yake, PhotoRec ba za ta gane hatimin komai ba.

Na huɗu, faifan da ya lalace a jikinsa. In ana jin yana ƙwas-ƙwas ko yana ƙara irin wadda bai saba ba, ko yana ɓacewa yana dawowa, a kashe shi nan take. Allurar da ke karanta shi tana shawagi ne dab da fuskar faifan, in ta fara gogar sa to kowane juyi ɓarna ce. Kada a buɗe shi a gida, don ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ƙarasa shi, balle a lokacin hunturu. Kada kuma a bi shawarar masu cewa a sa shi a firji, raɓar da zai yi in ya fito ita ce ajalinsa. Faifan da ke da rauni amma yana karantuwa, masana kan fara kwafe shi ɗungurungum zuwa wani faifai da manhaja irin ddrescue, sannan su yi bincike a kan kwafin. Wanda ya mutu sarai kuwa sai kamfanonin da ke da ɗaki na musamman marar ƙura, kuma aikinsu yana da tsada ƙwarai.

In za a kai wa mai gyara

Ba kowa ne zai iya waɗannan matakai da kansa ba, kuma ba abin kunya ba ne a nemi wanda ya sani. Sai dai a gaya masa a fili tun farko cewa ceto hotuna ake so, kada ya girka komai, kada ya wanke komai. A tambaye shi inda zai ajiye abin da ya samo. In ya ce a kan faifan nan ɗin, to a ɗauki na'ura a nemi wani. A je masa da faifan waje na gida.

Akwai kuma batun sutura. Manhajar ceto ba ta zaɓe, tana tono duk abin da ya taɓa zama a faifan, har da hotunan matan gida a cikin ɗakunansu, da takardun gado da na asibiti, da abin da aka share da gangan shekarun baya. Saboda haka a zaɓi mutumin da aka san amanarsa, maigida ko wani babba ya zauna a wurin in da hali, a kuma tabbatar ba a bar kwafi a kwamfutar shago ba. Su ma ƴan'uwanmu masu wannan sana'a muna tuna musu cewa abin da aka damƙa musu amana ce, kuma tambaya guda kafin wanki, «akwai abin da kuke so a ciki?», tana raba su da rigima da abokan ciniki.

A nemi kwafi a wajen dangi

Hoto ba kasafai yake zama wuri ɗaya ba. Katin ajiyar kyamarar da aka ɗauke shi, ko na tsohuwar wayar da ke cikin durowa, yana iya riƙe da shi har yanzu, kuma PhotoRec tana aiki da kyau a kan irin waɗannan katuna ko an share su. A duba tsofaffin faifan CD, da saƙonnin imel da aka taɓa aika wa ɗan'uwa a ƙetare, da Facebook, da Google Photos. Masu ɗaukar hoton biki sukan ajiye aikinsu na shekaru. A sanar da dangi a zauren WhatsApp na iyali, kowa ya turo abin da ke hannunsa. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, ya rage kyau, ranar ɗaukarsa kuma ta goge, don haka a roƙi mai asalin hoton ya aiko shi a matsayin «Document», ta nan yake isowa yadda yake.

Rigakafi ya fi magani

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da masu sana'ar ajiye bayanai suka runguma, ana kiran ta 3-2-1: kowane abu mai daraja ya zama yana da kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam. A gidajenmu wannan yana nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan waje da ake jonawa lokacin ajiya kaɗai sannan a cire a adana nesa da zafi da ƙura, da kwafi na uku a intanet ko a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa. Kile tana da amfani wajen ɗaukar kaya daga nan zuwa can, amma tana saurin ɓata tana saurin mutuwa, kada a mai da ita rumbu. Faifan CD da DVD da aka buga a gida su ma suna lalacewa da shekaru, wanda yake da su ya kwafe su tun suna karantuwa.

A sa wa aikin lokaci sananne don kada a manta, misali bayan kowace Sallah da bayan kowane biki, a kuma ɗora shi a wuyan mutum guda a gida. Lokaci-lokaci a buɗe faifan ajiyar a tabbatar hotunan suna buɗuwa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, na'urar riƙe wuta da ake kira ondulœr tana kare kwamfutar tebur daga mutuwar farat ɗaya, wadda ke lalata tsarin faifai har ta kai ga neman gyara. Masu tsofaffin na'urori su sani cewa Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a watan Oktoba na 2025, don haka ƙwayoyin cuta sun fi samun ƙofa a cikinsu. Kafin kuma a miƙa kwamfuta ga kowa da sunan gyara, ko ɗan cikin gida ne, a kwashe hotuna tukuna.

Daga ƙarshe, muna ba da shawarar a zaɓi hotuna ashirin ko talatin mafiya daraja, musamman na iyaye da kakanni, a wanko su a takarda, a rubuta sunan mai hoton da shekara a bayan kowanne, a ajiye su inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Jikan da za a haifa nan da shekara ashirin ba ya bukatar mabuɗi ko manhaja kafin ya kalle su.

Allah ya kiyaye mana abin da muka mallaka, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.